Mai Gadin Shafin Cigiya Ya Ajiye Aiki

Sufiyanu bai iya cewa a'a ba. In kana son ka fahimci abin da ya same shi, daga nan za ka fara. Ka tare shi a hanya ran Juma'a ka ce ya ara maka moto, wato babur, sai ya sauka ya miƙa maka, ya ƙarasa masallaci da ƙafa cikin rana, in kuma ka dawo da shi babu mai a ciki, shi ne zai ba ka haƙuri. Na san shi ciki da waje, domin shagon ɗinkina da biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya ta Gure, bango ɗaya ne ya raba su, bangon kuwa na ƙasa ne, ko tari ka yi sai an ji. Ni ne Ibram tela, Bamange gaba da baya, wato jinin Barebari, shi kuwa Bafillace, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun kakanni, ina da damar faɗar abin da na ga dama a kansa. Amma wannan karon ba don wasa nake faɗa ba. Abin yana ci mini rai.

A wata ruga aka haife shi arewa da Kelle. Mahaifinsa ya rasu yana goye, sai kawunsa Bobbo, yayan mahaifiyarsa, ya ɗauke su ya riƙe. Bobbo dogon tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa, irin wanda in ya iso rijiya ake matsa masa ba tare da ya roƙa ba. Shekarar da hukuma ta ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya a sa lakwal, wato makaranta, ba a yi doguwar shawara ba. Aka duba wanda in an ba shi maruƙa da safe yake dawowa da yamma ba su cika ba, aka ce ga naku nan. Haka Sufiyanu ya zama ɗan boko, ba don an ga yana da kai ba, sai don an ga shanu ba za su yi kewarsa ba.

Karatu kuwa ya karɓe shi. Ya fito da Faransanci a bakinsa, ga Fillanci, ga Hausa, ga ɗan Barbarcin da yake yi mini kisan gilla da shi kowace safiya. Da wani proje na taimakon makiyaya ya sauka Gure da fararen motocinsa, shi suka ɗauka tafinta. Daga baya suka zaunar da shi gaban ordinatar, na'urar nan mai allo da madannai, suka koya masa aikin da ya zame masa turke.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai zauna da masu dabbobi ba. A ƙasarmu kullum dabba tana ɓata. Hadari ya taso, ko a yi turmutsutsu a bakin rijiya, saniya ta bi garken da ba nata ba, a wayi gari tana wajen Bune alhali mai ita yana neman ta a Gidigir. Wanda ta faɗo wa ba ya sayarwa, ba ya yankawa, ba ya sa mata shaidarsa. Zai ciyar da ita, ya shayar da ita, ya sha nononta, ya yi cigiya a kasuwanni, ya jira. In ta haihu, ɗan na mai ita ne, in ɗan ya girma ya haihu, shi ma haka. Akwai wanda ya riƙe raƙuma har ta ga jikokinta kafin mai ita ya ɓullo. Kuma a wajen cigiya akwai dabara. Ana faɗar launi da yankan kunne da inda aka tsince ta, amma ana ɓoye alama ɗaya, ko wani tabo a cikin cinya ko haƙori karyayye. Duk wanda ya zo ya ce tasa ce, sai ya faɗi wannan alamar. In ya faɗa daidai ya kwance abarsa, in ya kasa a ba shi ruwa ya sha ya kama hanya.

Abin da proje ya yi shi ne ya ɗora wannan cigiyar a intanet. Ka tsinci dabba, ka ɗauki hotonta da salula, ka sa a shafi tare da lambarka, kowa yana iya buɗewa ya gani. Alamar ɓoye kuwa ana rubuta ta a wani sashe na ciki, don ko mai tsintuwar ya mutu 'ya'yansa su san abin da za su tambaya. Ba ka sa hoto, ba ka leƙa sashen ciki, sai da kod, wato baƙaƙen sirrin da ake dannawa ƙofa ta buɗe. Kod ɗin guda ɗaya ne tak. Aka ba Sufiyanu, aka ce ya riƙe shi kamar ransa. Proje ya cika wa'adinsa, aka yi walima aka ci rago, motoci suka juya Yamai. Suka bar masa na'ura, da pano mai ɗaukar hasken rana a kan rufi yana ba ta wuta, da shafi.

Ba a yi nisa ba Bobbo ya shigo biro wata ranar kasuwa, ga mutane zaune, ya ajiye sandarsa ya miƙa salula.

"Ɗan ƙanwata, an ce akwai abin da ake dannawa mutum ya sa cigiya da kansa. Daga rugarmu zuwa nan tafiya ce. Danna mini."

Kai da kanka ka san yadda aka ƙare. Mutumin da ya goya ka, ya aurar da uwarka karo na biyu, ya ciyar da kai har ka girma, ya roƙe ka abu gaban jama'a. Sufiyanu ya danna. Shi kuwa Bobbo ya ɗauki kod kamar igiyar guga: wanda ya zo da ƙishi a ba shi ya ja. Ya ba ardon gabas, ardo ya ba surukinsa, surukin ya ba dillalin da suke shiri da shi. Kafin damina biyu, har mai sayar da kanwa a bakin kara, kasuwar dabbobi, ya san kod ɗin, ni ma da ba ni da ko kaza na haddace shi ta bango.

Abin da ya hana gida rushewa shi ne mai gadi. Kafin proje ya tafi, ya damƙa tsaron shafin a hannun wani kamfani na ƙasar waje, na shekaru masu yawa. Ba mu taɓa ganin fuskar kowa a cikinsu ba. Aikinsu dai ga shi: duk sabuwar salular da ta zo da kod, sai su tsayar da ita a ƙofa har Sufiyanu ya yarda daga na'urarsa. In wani ardo ya danna inda bai kamata ba ya share hotunan Kelle kaf, kafin gobe sun maido su. In masu kutse daga wata uwa duniya sun cika shafin da tallan caca, su ne masu wankewa.

To ka ga inda Sufiyanu ya samu mafaka. Kowa ya roƙi kod, ya ba shi da fara'a, har da rakiya. In mutumin ya fita, sai ya duba na'ura. In wanda ya yarda da shi ne, ya buɗe masa. In kuwa irin masu idon nan ne da ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ya bar shi a ƙofa. Mutum ya dawo yana ƙorafi, Sufiyanu ya dafa ƙirji.

"Wallahi ni na ba ka. Nasaran ne suka hana. Ka san halinsu."

Sai a taru a zagi Nasara, a sha shayi, a rabu lafiya. Ni kuwa in ɗaga murya daga kan keke in ce, "Kai Bafillace, kai kaɗai na sani a Gure da ya ajiye bara a Turai yana yi masa rowa." Ya yi dariya ya ce in ci gaba da ɓata wa mutane yadi.

Cikin haka ya auri Raihana, ungozoma a matarnite, asibitin haihuwa, mace mai magana ɗaya. Suka haifi 'ya, Ummul Kulsum. Yarinyar tana rarrafe aka tura Raihana aiki Damagaram. Aikin gwamnati ba a yi masa gardama, ta tattara ta tafi, shi kuma ya ce zai biyo baya da zarar ya samu wanda zai miƙa wa shafi. Har wani wurin buga takardu a can ya yi masa alkawarin kujera. Ya nemi mai karɓa, ya nema, ya nema. Wa zai karɓi aikin da babu albashi sai godiya da ƙwaryar nono? Yarinya ta tashi da ƙafarta, ta fara magana, ta shiga lakwal, duk ta salula yake jin labari. Yakan je ya kwana biyu ya dawo, domin ranar kasuwa ba ta yiwuwa ba shi. Na sha jin sa ta bango yana cewa, "Saura kaɗan, Raihana. Bayan salla in sha Allahu." Salla nawa aka yi, ni dai na daina lissafi, ɗinkin kowacce na yi shi yana nan a kujerarsa.

Daga ƙarshe Allah ya kawo Salima, malama a lakwal ɗin 'yan mata, ita ma 'yar makiyaya ce, ta san na'ura fiye da shi. Ta ce za ta karɓa. Ta zauna ta duba shafin sama da ƙasa, sannan ta ɗago.

"Malam Sufiyanu, mutum nawa ke da kod ɗin nan?"

Ya ce, "Suna da ɗan dama."

Na ce ta bango, "Madam, tambayi wanda ba shi da shi, ya fi sauƙin ƙirgawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun da akwai mai gadi a ƙofa, za ta iya lallaɓawa. Suka sa lokaci, bayan an gama jarrabawar ƙarshen shekara. Ranar Sufiyanu ya sayo tsire ya shigo shagona muka ci, har da waƙa.

Saƙon kamfani ya iso ana tsakiyar zafin bazara. Na ji shiru ya yi yawa a biro, na leƙa, na same shi ya zuba wa allo ido. Ya fassara mini. Suka ce sun gode da zama tare. Suka ce sun yi nazari sun ga gadin ƙofa da wanke ɓarna bayan ta auku ba shi ne maganin abin ba, saboda haka za su ajiye waɗannan ayyuka, su mai da ƙarfinsu gaba ɗaya wajen gano kafofin da ɓarayi ke bi tun kafin a bi su. Daga yanzu za su riƙa duba shafi suna faɗa wa mai shi inda yake da rauni, shi kuma ya toshe. Sun ba da wa'adi mai tsawo don kowa ya shirya.

Na ce, "Wato mai gadi ya ce ya gaji da tsayuwa a zaure. Zai riƙa zagaya gida yana nuna maka inda katanga ta tsage."

Ya ce, "Haka ne. Kuma gaskiyarsu, Ibram. Ba su yi laifi ba."

Ni ma na san ba su yi laifi ba, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi, babu wanda zan zaga. Su can suna tunanin ɓarawon da ke zaune a wata ƙasa yana lalube cikin na'ura. Ina za su san cewa a Gure akwai mutumin da ya jingina kunyarsa gaba ɗaya a jikinsu?

Wa'adi ya cika, mai gadi ya tafi. Sabon aikin nasu kuwa suka kama shi da gaske. Kowace safiya in ya kunna na'ura sai jan rubutu ya tarye shi, kuma maganar ɗaya ce: babban raunin shafinka shi ne kod ɗaya a hannun mutane barkatai, ka canza shi, ka ware wanda zai ga sashen ciki da wanda ba zai gani ba. Ka ji fa. Ya zauna ya ware dattawan ƙasar nan, ya ce wa wannan ardo kai ka isa, ya ce wa wancan kai ba ka isa ba. Salima ta zo ta karanta jan rubutun, ta ce ita ba za ta karɓi gida babu ƙyaure ba. Ya canza kod, ya zama mai riƙon shafi kaɗai ke ganin alamun ɓoye, kowa ya turo hotonsa a sa masa. In ya yi haka, tana nan a kan bakanta. In bai yi ba, ya nemi wata.

Ya ce zai fara gaya wa kawunsa. Ya kwana yana shirya magana, har ya gwada ta a kaina, ni na zama Bobbo ina riƙe da almakashi a madadin sanda. Ranar kasuwa tsohon ya iso, da wani baƙo biye da shi mai rawani har hanci. Na kashe keke don in ji da kyau. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Shayi na farko ya wuce, na biyu ya wuce.

"Kawu, dama akwai wata magana a kan kod ɗin nan. Nasaran da ke tsare mana ƙofa sun bari."

"Madalla," in ji Bobbo. "Dama sun cika hana mutane. Ka ga wannan bawan Allah, tare muka sha ruwa a hanya. Ya ce raƙuminsa ya ɓata wajen Tasker. Danna masa ya riƙa dubawa."

"Kawu, ai duba hoto ba ya bukatar kod."

"To in ya tsinci ta wani fa? Ɗan ƙanwata, mu ba mu taɓa tambayar mutum sunan ubansa kafin mu ba shi guga ba."

Sai na ji ƙarar madannan salula, ɗaya bayan ɗaya. Na buga ƙafa a keke da ƙarfi har allura ta karye. Da suka fita na shiga na same shi, na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Ya dai tattara kofunan shayi yana wankewa.

Ban ce baƙon nan ne ya yi abin da ya biyo baya ba. Ban sani ba, kuma Sufiyanu ma bai sani ba, domin salular da ke da kod a lokacin ta fi gaban a bi sawu.

Akwai wani makiyayi, Adama, a kwarin da ke kudu da Gidigir. Wata jar saniya ta faɗo masa tun shekarun baya, ya riƙe ta, ta haifa masa karsana da ɗan maraƙi, duk yana jiran mai su. Rannan wani mutum ya zo masa da sallama, ya ce saniyarsa ce. Adama ya tambaye shi alama. Mutumin bai ko yi jim ba ya ce tabon lalas ne, ƙunar ƙarfe, a cikin cinyar hagu, mai kama da ƙafar kaza. Haka yake. Adama ya yi hamdala, ya kwance uwa da 'ya'yanta, har ya raka shi bakin tudu. Ba a daɗe ba sai ga wani tsoho daga wajen Bune, ƙafa duk faso, jikansa ne ya nuna masa hoton a salula. Ya faɗi tabon, ya faɗi shekarar da ya yi mata lalas ɗin da hannunsa, ya faɗi sunan da yake kiran ta da shi. Ya tarar da turke babu komai.

Adama ya zo biro. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa kujera.

"Malam, na tambaye shi kamar yadda iyayenmu suke tambaya. Ya faɗa daidai. Alamar nan ni kaɗai na san ta, sai wurin da ka ce in rubuta. Yanzu tsohon nan yana gidana, ya ƙi cin abinci. Me zan ce masa?"

Sufiyanu ya duba na'ura. Ga shi nan a fili, wata salula da bai sani ba ta shiga sashen ciki ta buɗe bayanin jar saniya kafin zuwan mutumin. A da, da tana nan tsaye a ƙofa tana jiran yardarsa. Ya rufe fuska da tafin hannu. Tun da nake da shi ban taɓa jin tausayinsa da haushinsa sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Da la'asar ɗin nan ya canza kod. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki salula ya yi saƙon murya da Fillanci, ya sake yi da Hausa, mai taushi kamar yana lallashin jariri. Ya ba da labarin Adama, ya ce daga yau kowa ya turo hoto da alama a sa masa, ya ce ba don ya raina kowa ba ne, ya roƙi gafara har sau uku. Ya tura wa ardo-ardo da dillalai da kawunsa. Washegari jan rubutu ya koma kore. Salima ta zo ta gani, ta ce to yanzu an yi magana, ranar kasuwa mai zuwa a tara shugabannin ƙungiya a miƙa mata a gabansu. Ya kira Raihana. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ji shi yana dariya irin wadda na manta yana da ita. Ya kawo mini shadda ya ce in yi masa riga ta shiga birni, na ce sai dai in rage tsawon, kada mutanen Damagaram su gane daga daji ya fito.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk waɗanda ya tura wa saƙon, babu wanda ya amsa. An saurara, alamar ta nuna an saurara, amma ko uffan.

Ranar kasuwa da hantsi ina guga sai na ji kukan shanu a ƙofar shago. Hanyar kara ba ta nan take bi ba. Na fito na ga Bobbo, yana jan wata farar saniya da igiya, bayansa raƙuma da ɗanta, da awaki uku. Ya ɗaure su a jikin itacen bedin da ke gaban biro, a natse, yana gwada kowane ƙulli. Sufiyanu ya fito, Salima tana bayansa da takardun miƙa aiki a hannu.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau. Na ji saƙonka. Waɗannan su ne tsintuwar da ke hannuna. Na kawo maka."

"Kawu, ai ba haka nake nufi ba. Ku riƙe abinku, alamar kawai…"

"Alamar ita ce dabbar, ɗan ƙanwata. In mutum ya zo ya ce tasa ce, wa zai tambaye shi? Wanda alama ke hannunsa. An rufe mana wurin, an ce ba a san wanda ya buɗe wa ɓarawo ba a cikinmu. To wanda ake shakka a kansa ba ya riƙe amanar wani. Ni ban iya kwana da dabbar mutane ana kallona haka ba."

Sufiyanu ya durƙusa a gabansa cikin rairayi.

"Kawu, don Allah. Yanzun nan zan maido da tsohon kod. Yanzun nan."

Bobbo ya dafa kansa. Wallahi da fushi ya yi da akwai gyara, amma babu fushi ko kaɗan a fuskarsa.

"Kada ka maido. Ka yi daidai. Ni na kawo baƙo na sa ka danna masa, na sani. Abin da ya sami Adama kada ya sake samun wani. Ka rufe, ka riƙe. Mun yarda da kai, shi ya sa muka kawo maka. Farar nan ba ta son dusa da ruwa da yawa."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi kasuwa. Kafin azahar ardon gabas ya aiko da nasa, bijimi da tumaki. Bayansa wasu, bayansu wasu. Babu wanda ya ɗaga murya. Kowa ya yi sallama, ya ɗaure, ya faɗi abin da dabbar take ci da abin da ba ta ci, ya yi masa addu'a, ya tafi. Bedi ya cika, aka koma ɗaurewa a ginshiƙin rumfata. Na fito zan yi masifa, na dubi fuskar Sufiyanu, na koma ciki.

Salima ta daɗe tsaye tana kallo. Sannan ta ajiye takardun a kan teburinsa, ta ɗora makullin biro a kai.

"Malam Sufiyanu, ka yi haƙuri. Ni shafi na ce zan karɓa. Ina da aji, ina da yara a gida. Ina zan kai raƙuma?"

Ya ce ba komai, ya gode. Har ya raka ta bakin hanya.

Yanzu in ka zo Gure ka bi ta bayan biron ƙungiya, za ka ga shinge na ƙaya da bai kasance a wurin ba a da. Shi ya kafa shi, hannunsa duk ya fashe. Ƙungiya tana taimaka masa da harawa in ta samu, in ba ta samu ba ya ɗauki lauje. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa, ba ya iya ba wani riƙo, domin duk wanda ya tuntuɓa sai ya ce ai wurinka ya fi aminci. Shafi kuwa bai taɓa zama lafiya kamar yanzu ba, kowace safiya kore shar, kamfani har yabo yake aiko masa. Masu dabbobi suna zuwa jefi-jefi. Kwanan baya wata mata ta zo ta faɗi alamar akuyarta daidai, ta tafi da ita tana guɗa. Kafin ta fita unguwa wani ya shigo da jakuna biyu, domin yanzu duk wanda ya yi tsintuwa ba ya ma kai ta gida. Wurin buga takardun can ya gaji da jira ya ɗauki wani. Rigar shiga birni tana nan rataye a shagona, na gama ta, bai zo karɓa ba.

Da aka yi hutu Raihana ta zo da Ummul Kulsum. Ba ta sauka gida ba, daga tasha ta wuce bayan biro, ni kuma na biyo su da kujera. Ta tsaya a bakin shinge da jakarta a kafaɗa. Yarinyar ta ɓuya a bayanta saboda raƙumar. Sufiyanu ya fito daga cikin dabbobin da bokiti a hannu, wandonsa naɗe har gwiwa, ya fara bayani, yana cewa ai masu su suna zuwa, a hankali za su ragu, wataƙila kafin kaka.

Ba ta katse shi ba. Idonta yana kan farar saniya. Ta zagaya ta dube ta ta gefe, irin duban da take yi wa matan da ke zuwa awo, sannan ta dubi wata baƙa da ke kwance a inuwa, ta dubi tumakin.

"Wannan ciki gare ta," in ji ta. "Waccan ma. Tumakin nan kuwa rabinsu."

Ya ce, "Na sani."

Ta gyara jakarta. Ta ce wa yarinyar ta gai da babanta, ta gaishe shi daga inda take tsaye. Suka kwana biyu a garin. Ranar komawarsu motar Damagaram ta tashi daidai lokacin da layi ke zuwa kan Sufiyanu ya shayar da dabbobi a rijiya, in ya rasa shi kuwa sai gobe, ga zafi. Ni na ɗaukar musu kaya zuwa tasha.